Marigayi Adamu Halilu da Fim Ɗin Shaihu Umar

 Duk lokacin da muka komo daga hutu, ba a da wata hira a ɗakin kwananmu sai ta finafinai. Wasu su ce ba abin da ya kai zanen Japan irin su Naruto daɗi, wasu kuma su fi son tsofaffin finafinan Turawa masu sa faɗuwar gaba. Ni ma ina kallonsu, ban ce ba su da daɗi ba. Amma ran nan da na tambayi abokaina ko sun san Adamu Halilu, sai aka yi tsit, har wani ya ce ko ɗan ƙwallo ne. Wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami.

An haifi Adamu Halilu a Garkiɗa, cikin ƙasar Adamawa, a shekarar 1936. Ya tashi a zamanin da mutanenmu ba su san talabijin ba, sai dai majigi. Kakana ya ba ni labari cewa in motar majigi ta iso gari, bayan sallar isha'i sai a kafa farin ƙyalle a fili, yara da manya su taru. A nan ake nuna wa jama'a yadda ake noman auduga, da tsabtace gida, da amfanin zuwa asibiti. A sashen gwamnatin Jihar Arewa mai shirya irin waɗannan finafinai Adamu Halilu ya yi aiki. Ya je Landan da Roma ya koyo rubuta labarin fim da kuma yadda ake yanka hotuna a harhaɗa su. Da ya dawo ya shirya finafinan wayar da kai masu yawa, cikinsu har da Mama Learns a Lesson na 1963.

Babban aikinsa shi ne Shaihu Umar, wanda ya fito a 1976. Kowa ya san littafin, na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, an kuwa fara buga shi a 1934. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan kwaikwayo, kuma Umaru Ladan ɗin ne ya fito a matsayin Shaihu a cikin fim ɗin. Da Hausa aka yi shi, tsawonsa minti 142, an kuma nuna shi da sunan Nijeriya a bikin al'adun baƙar fata na FESTAC da aka yi a Legas a 1977.

Masu son labari mai tayar da hankali, ga naku. Yaro ne maraya daga Kagara. Uwarsa ta auri wani bafade mai suna Makau, 'yan'uwansa fadawa suka ƙulla masa sharri har sarki ya kore shi. To, ina kuke tsammani Makau ya je ya zauna? A littafin, Makarfi ɗin nan tamu ce! Ran da muka iso wurin nan a aji sai da aka yi ta tafi, har malam ya tsawata mana. Kafin uwar ta bi mijinta sai aka sace yaron, ya yi ta faɗawa daga wannan hannu zuwa wancan, har a Kano wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya tafi da shi Masar, inda ya yi karatu ya zama babban malami. Ita kuwa uwar ta bazama nemansa, aka kama ta aka sayar, aka ƙetara hamada da ita. Sun sadu daga ƙarshe, amma ba ta daɗe ba ta rasu. Da malaminmu na Hausa ya nuna mana fim ɗin wata Asabar da dare, wurin uwar nan ne ya fi taɓa ni, don na tuna da tawa uwar ran da ta rako ni tasha zan taho makaranta karo na farko.

Ba zan ɓoye muku ba, fim ɗin yana tafiya sannu a hankali. Wanda ya saba da tsalle-tsalle da wuta na zanen Japan zai ƙosa da farko, wasu ma daga cikinmu sun yi gyangyaɗi. Amma ku dubi tufafi, da zaman fada, da ayarin raƙuma, ku kuma saurari Hausar da ake yi a ciki, irin wadda yanzu sai a bakin tsofaffi ake jin ta.

Bayan wannan ya shirya Kanta of Kebbi a 1978, da Moment of Truth a 1981. Ya kuma shugabanci Hukumar Finafinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979. Allah ya yi masa rasuwa a 2001, Allah ya jiƙansa da rahama.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, shekara da shekaru ba mai iya ganin Shaihu Umar, har aka ɗauka ya ɓace ke nan. Sai a 2016 aka gano faifansa cikin tarin tsofaffin gwangwanayen fim a wata ma'ajiya ta hukumar nan. Wata cibiya ta birnin Balin a Jamus, mai suna Arsenal, ita ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin a 2018. Wato Jamusawa sun riga yawancin mutanen Makarfi na yanzu ganinsa.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu ta Hausa ta sake neman izini a nuna shi ranar bikin ba da kyaututtuka, lokacin da iyayenmu suke nan. Na san a cikinsu akwai waɗanda suka karanta littafin tun suna firamare, amma ba su taɓa ganin fuskar Makau ba.