BIRGEDIYA ZAKARIYA MAIMALARI, SOJAN DA YARDA TA CI

A wannan fitowa filinmu na tarihin mazan jiya zai tsaya ne a kan wani mutum wanda babu Bahaushen da zai kwana bakwai a Yerwa bai ji sunansa ba. Amma in ka tare matasanmu a Hausari ko Gwange ko bakin Kasuwar Monday ka tambaye su ko wane ne shi, kaɗan ne za su iya ba ka amsa. A wurinsu Maimalari sunan bariki ne kurum, inda aka kafa hedkwatar Runduna ta 7 ta sojan Nijeriya a 2013. Alhali kuwa sunan mutum ne, ɗan ƙasar nan ta Barno da muke zaune a cikinta muna neman abinci, kuma yadda ya rayu da yadda ya bar duniya akwai abin lura ga duk wanda ke zaman baƙunta a garin wasu.

An haifi Zakariya ran 17 ga watan Janairu 1930 a ƙauyen Maimalari, can arewacin Lardin Barno na wancan zamani, wanda yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Yusufari ta Jihar Yobe. Ƙasa ce ta rairayi da giginya da dabino, kusa da iyakar Nijar. A shekarar da aka haife shi ne jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano, abin da ya buɗe wa kakanninmu fatake hanya, suka riƙa kwasar gyaɗa da fatu da kanwa da ƙaro zuwa yamma. Ke nan shi da cinikinmu na wannan sashe kusan tare suka tashi.

Allah ya ba shi kaifin ƙwaƙwalwa, har karatu ya kai shi kwalejin nan da aka fara kafawa a Katsina a 1921, aka mai da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, wadda a yau muke kira Barewa. Ita ce makarantar da ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A lokacin nan duk yaron da ya fito daga can, aikin malanta ko na En'e ko na akawu yake nufa. Soja kuwa ana ganinsa aikin wanda ya rasa abin yi ne, ko wanda ya gagari iyayensa. Turawa ne hafsoshi, 'yan ƙasa su ne masu ɗaukar bindiga da yin fareti. Duk da haka a 1950 Zakariya da abokinsa Umar Lawan suka rufe ido suka shiga soja.

Da farko an kai su Teshi a ƙasar Gana, wadda a sa'an nan take hannun Ingilishi, daga can sai Ingila, har babbar makarantar hafsoshi ta Sandhast. A 1953 aka ɗaura musu anini. To a nan ne sunansa ya shiga tarihi. Kafin su akwai 'yan Nijeriya 'yan kaɗan da suka zama hafsoshi, irin su Wellington Bassey da Aguiyi-Ironsi da Samuel Ademulegun, amma duk daga kurtu suka faro, suka hau a hankali. Maimalari da Umar Lawan su ne 'yan ƙasar nan na farko da suka fito daga Sandhast da cikakken muƙamin hafsa. Bayansu sai ga Kur Muhammad da Abogo Largema, su ma 'yan Barno, sannan James Pam da Yakubu Gowon daga Filato. Wato dai shi ne ya share hanya, saura suka bi.

Bayan samun mulkin kai a 1960 yana cikin hafsoshin da Nijeriya ta aika Kwango ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya don kwantar da tarzomar da ta ɓarke a can. Girma ya yi ta zuwa masa da sauri, har ya kai Birgediya yana da shekara talatin da 'yan kai. Da Baturen ƙarshe mai shugabantar sojan Nijeriya, Manjo-Janar Welby-Everard, zai tafi a 1965, sunan Maimalari na cikin waɗanda aka yi ta ambata, amma gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta ba Ironsi, wanda ya riga shi shiga aiki. Maimalari bai tayar da ƙura ba, ya ci gaba da riƙe Birged ta 2 mai hedkwata a Afafa cikin Ikko, ya yi wa sabon shugabansa biyayya.

Waɗanda suka yi aiki da shi sun shaide shi da tsanani wajen horo, ba ya ɗaukar raini ko lalaci, har wasu na ganin zafinsa ya yi yawa. Amma ƙananan sojoji 'yan Arewa, waɗanda su ne mafi yawa a cikin masu ɗaukar bindiga, sun ɗauke shi tamkar uba. Ganin nasu ya kai inda da sai Bature ke kaiwa, ya ishe su alfahari. Ku riƙe wannan magana, domin ita ce za ta fassara abin da ya biyo bayan mutuwarsa.

Yanzu sai mu kawo mutum na biyu a cikin wannan labari, wato Manjo Emmanuel Ifeajuna, mutumin Anacha. Shi ma ba ƙaramin mutum ba ne. A 1954, a wasannin ƙasashe renon Ingila da aka yi a Kanada, ya yi tsallen sama na ƙafa 6 da inci 8, ya ci lambar zinariya, har aka riƙa buga hotonsa a bangon littattafan rubutu na 'yan makaranta. Ya yi karatu a jami'ar Badun, ya shiga soja a 1960. A ƙarshen 1965 shi ne babban hafsan ofishin Birgediya Maimalari, takardu da umurnin birged duk ta hannunsa suke bi. In da a kasuwa ne, sai mu ce shi ne yaron shagon da maigida ya miƙa wa makulli da littafin bashi.

A wannan lokaci ƙasa ba ta zaune lafiya. Zaɓen tarayya na 1964 ya zo da rigima, na Jihar Yamma a watan Oktoba 1965 ya fi shi muni, ana ƙone gidaje da motoci da mutane. Wasu matasan manjoji, cikinsu har da Ifeajuna a Ikko da Chukwuma Kaduna Nzeogwu a Kaduna, suka ƙulla cewa sai sun kawar da 'yan siyasa da manyan hafsoshi da bakin bindiga. Su a bakinsu juyin juya hali za su yi don tsarkake ƙasa daga cin hanci da ƙabilanci. Sai dai da gari ya waye aka ƙirga gawarwaki, mutane suka ga inda asarar ta fi karkata.

Daren Juma'a 14 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, Maimalari ya shirya liyafa a gidansa da ke Ikoyi saboda sabon auren da ya yi. Manyan hafsoshi da yawa suna gari saboda wani taron birged, suka hallara, har da Janar Ironsi da Laftanar-Kanar Gowon wanda bai daɗe da dawowa daga kwas a Ingila ba. Ifeajuna ma ya zo, aka ci aka sha da shi, aka yi raha, ya yi sallama da maigidansa kamar ba komai. Daga nan ya zarce gidansa a Afafa inda 'yan'uwan shirinsa ke jira, aka raba wa kowa aikinsa. Hausawa suka ce da ɗan gari akan ci gari.

Manjo Donatus Okafor, kwamandan dogarawan gwamnatin tarayya, shi aka ɗora wa kama Birgediya. Kamar yadda masu tarihi suka rubuta, masu gadin gidan sun ƙi buɗe masa ƙofa, ana cikin haka wayar tarho ta yi ƙara, Laftanar-Kanar Pam ne ke son sanar da shi cewa akwai motsin sojoji da ba a gane ba. Jin harbi a ƙofar gida, Maimalari ya yar da kan waya, ya fita ta baya, ya haura katanga, ya ɓace cikin duhu. Maƙiyan da suka zo masa a fili ba su same shi ba.

Yana tafe a ƙasa ya nufi barikin dogarawa don ya tara sojoji ya murƙushe tawayen, sai ya hangi mota ya gane ta. Motar Ifeajuna ce, hafsan ofishinsa, wanda 'yan sa'o'i kaɗan da suka wuce yake cin abinci a gidansa. Ya fito fili ya ɗaga hannu ya tsai da ita, a zatonsa taimako ne Allah ya kawo. Nan take aka harbe shi. Saura kwana biyu ya cika shekara 36 a duniya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A wannan dare Barno ta yi asarar manyan hafsoshinta uku: Maimalari, da Kanar Kur Muhammad, da Laftanar-Kanar Abogo Largema wanda aka harbe a otal ɗin Ikoyi. Shi ya sa barikin Bama ke ɗauke da sunan Kur Muhammad, na Biu kuma sunan Largema. An kashe Pam da Laftanar-Kanar Arthur Unegbe a Ikko, an kashe Birgediya Ademulegun da matarsa da Kanar Shodeinde a Kaduna. Cikin farar hula an kashe Firayim Minista Tafawa Ɓalewa, da Sardauna da uwargidansa Hafsatu, da Firimiyan Yamma Akintola, da Ministan Kuɗi Okotie-Eboh. Gwamnan Arewa, Sa Kashim Ibrahim, ɗan garin nan, an kama shi amma Allah ya yi da sauran kwanansa.

To ga abin mamaki. Da shiri ya wargaje a Ikko, Ironsi ya karɓi mulki, sai Ifeajuna ya zama abin farauta. A nan ne wani amininsa tun na jami'ar Badun, marubucin waƙoƙin Turanci Christopher Okigbo, ya tsaya masa. Aka yi masa shigar mata, aka ɓad da kamanninsa, aka bi da shi ta gaban masu tsaron hanya har aka tsallake iyakar Dahomi, ya ratsa Togo ya isa Gana, inda Kwame Nkuruma ya karɓe shi. Dubi ikon Allah: cikin 'yan kwanaki an yi yaudara iri biyu a kan mutum ɗaya. Ta farko shi ya yi ta, ya sa fuskar aminci ya halaka wanda ya yarda da shi. Ta biyu abokinsa ya yi masa, ya sa masa zane da kallabi ya tsirar da ransa. Amanar da ya hana maigidansa, ita ya samu a wurin abokinsa.

Ba mu ce Okigbo ya kyauta wa ƙasa ba, domin ya kuɓutar da wanda ya kamata ya tsaya gaban shari'a. Amma ko maƙiyi ya san abin da ya yi shi ake kira abota, ya sa wuyansa a igiya saboda wani. Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne, zane bai hana ajali. Ran 24 ga Fabrairu 1966 sojojin Gana suka kifar da Nkuruma, shi kuwa Ifeajuna an dawo da shi Nijeriya an tsare. Da yaƙin basasa ya tashi ya yi wa Biyafara aiki, amma a watan Satumba 1967 Ojukwu ya sa aka harbe shi a Inugu tare da Victor Banjo da wasu mutum biyu, bisa tuhumar cin amana. Okigbo ma a wannan shekara ya mutu a fagen fama kusa da Nsukka.

Jinin Maimalari bai kwanta da wuri ba. Sojojin da suka ɗauke shi uba sun zuba ido su ga an hukunta waɗanda suka kashe shi, gwamnatin Ironsi ba ta gurfanar da kowa ba. Ran 29 ga Yuli 1966 suka yi nasu juyin, aka kashe Ironsi a Badun, Gowon ya hau. Tsakanin Mayu da Oktoba na shekarar aka yi ta kashe-kashe a garuruwan Arewa, dubban 'yan ƙabilar Ibo da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka rasa rayukansu, saura suka bar shagunansu suka gudu. Hausawa mazauna Anacha da Inugu da Aba da Fatakwal su ma aka far musu, waɗanda suka tsira suka dawo gida hannu rabbana. Yaƙi ya fara a watan Yuli 1967, bai ƙare ba sai 15 ga Janairu 1970, shekara huɗu cif daga ranar da aka harbe Birgediya.

Wannan shi ne abin da ya shafe mu kai tsaye. Manjojin da suka ƙulla abin ba su tambayi mai sayar da goro a Anacha ko mai sayar da kayan mota a Sabon Garin Kano ba, amma su suka biya bashin. Duk ranar da giwaye suka yi faɗa, ciyawa ke shan wahala, kuma a cikin ciyawar ma ta bakin hanya ake fara takawa, wato baƙo. Mu da iyayenmu suka zo Yerwa daga Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram, Barebari suka ba mu masauki, suka ba mu rumfa a kasuwa, har aka yi auratayya, ba mu da wani jari da ya wuce yarda. Kaya muke karɓa bashi a kan kalmar baki, mu bar wa yaro shago mu tafi Ikko ko Kano saro. Ranar da yarda ta ƙare, ciniki ya ƙare, zaman ma ya ƙare.

Saboda haka kada wani ya karanta wannan tarihi ya ce darasinsa shi ne a daina yarda da mutane. Maimalari bai yi wauta ba da ya tsai da motar hafsansa, abin da kowane shugaba zai yi ke nan, aibin yana kan wanda ya ci amana. Abin da ya kamace mu shi ne kowa ya dubi kansa, in maigidansa ko maƙwabcinsa ya ɗaga masa hannu cikin dare, wane irin mutum zai tarar a cikin motar. Kuma mu koya wa 'ya'yanmu cewa laifin mutum ɗaya ba a ɗora wa ƙabilarsa, domin mun ga inda wannan hanya ta kai ƙasar nan.

Birgediya ya bar zuriya. Ɗansa, Laftanar-Kanar Abubakar Maimalari, ya bi sawunsa cikin soja har ya riƙe Jihar Jigawa daga 1998 zuwa 1999, ya miƙa mulki ga farar hula.

Allah ya jiƙan Zakariya Maimalari da Kur Muhammad da Abogo Largema da sauran magabatanmu, ya gafarta musu kurakuransu. Allah ya zaunar da Barno da Nijeriya lafiya, ya tsare mu da cin amana, ya haɗa mu da abokan ƙwarai. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.