Dakta Martin Luther King: Jagoran Da Ya Yaƙi Wariyar Launin Fata Da Tattaki

An haifi marigayi Dakta Martin Luther King a birnin Atlanta na Jihar Jojiya, ƙasar Amurka, ran 15 ga Janairu, 1929. Mahaifinsa limamin coci ne, shi ma ya gaji wannan aiki. Ya shiga Kwalejin Morehouse yana da shekara 15, ya kuma sami digirin dakta a Jami'ar Boston cikin 1955.

A wancan zamani dokokin jihohin kudancin Amurka sun raba baƙar fata da Turawa a makarantu da gidajen abinci da motocin haya. Ran 1 ga Disamba, 1955, aka kama Rosa Parks a birnin Montgomery saboda ta ƙi tashi ta ba Bature kujerarta cikin bas. Nan da nan baƙar fatar garin suka ƙaurace wa bas-bas ɗin, suka naɗa King shugabansu. Kwana 381 suka yi, da yawansu suna zuwa aiki a ƙasa, har Kotun Ƙoli ta haramta wariyar. Ana cikin haka aka jefa bam a gidansa, amma ya hana mabiyansa ramuwa.

Cikin Maris 1957 ya halarci bikin 'yancin kan Ghana, cikin Nuwamba 1960 kuma ya zo Legas wajen rantsar da Dakta Nnamdi Azikiwe a matsayin Gwamna Janar. Ran 28 ga Agusta, 1963, ya yi jawabi ga mutum kimanin 250,000 a Washington. A shekara ta 1964 aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya.

Ran 7 ga Maris, 1965, 'yan sanda suka far wa masu neman haƙƙin zaɓe da kulake a gadar Selma. Bayan mako biyu King ya ja jama'a, suka taka mil 54 zuwa Montgomery cikin kwana biyar. Cikin Agusta Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar da ta kare ƙuri'ar baƙar fata.

An harbe shi a Memphis ran 4 ga Afrilu, 1968, inda ya je mara wa masu kwasar shara baya a yajin aikinsu. Shekarunsa 39. Tun 1986 Amurka ke hutu ran Litinin ta uku ta kowane Janairu don tunawa da shi, inda ƙungiyoyi kan shirya tattaki da tsere, su tara kuɗin taimakon mabukata.