Isaac Newton: Marayan da ya fayyace wa duniya ma'anar nauyi

Duk ɗalibin da ya zauna ajin kimiyya a Maraɗi ko Damagaram ya ci karo da sunan Newton, domin da shi ake kiran ma'aunin ƙarfi. Amma mai sunan saura ƙiris ya ƙare rayuwarsa a gona.

An haifi Isaac Newton ranar 25 ga Disamba 1642, bisa tsohuwar kalandar Ingila, a ƙauyen Woolsthorpe. Mahaifinsa manomi ne, ya rasu wata uku kafin haihuwarsa. Yana ɗan shekara uku mahaifiyarsa ta sake aure, ta bar shi hannun kakarsa. Da ya kusa shekara 17 sai ta cire shi daga makarantar garin Grantham don ya kula da gona, amma hankalinsa na kan littafi. Shugaban makarantar da kawunsa ne suka lallashe ta har ta bari ya koma aji.

A 1661 ya shiga Jami'ar Kambirij, inda yake yi wa wasu hidima don a rage masa kuɗin karatu. A 1665 annoba ta sa aka rufe jami'ar, ya koma ƙauye na kusan shekara biyu. A can ne, kamar yadda ya ba da labari bayan ya tsufa, ya ga tuffa ta faɗo daga itace, ya tambayi kansa ko ƙarfin da ya jawo ta ƙasa shi ne yake riƙe da wata a kan hanyarsa ta zagaya duniya.

Amsar ta ɗauke shi shekara ashirin. A 1687 littafinsa mai suna Principia ya fito, masanin taurari Edmond Halley ne ya biya kuɗin bugawa. A ciki ya kafa dokoki uku. Abin da ke tsaye ba ya motsi, mai tafiya kuma ba ya sauya gudu ko hanya, sai wani ƙarfi ya taɓa shi. Sauyin gudu yana bin girman ƙarfin da kuma yawan abin da ake turawa, shi ya sa amalanken da aka cika da kaya ya fi wanda ba komai wuyar turawa. Sannan duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka.

Daga nan ma'anar nauyi ta fito fili: ƙarfin da ƙasa ke jawo abu da shi ne. Buhun hatsi mai kilo 100 ƙasa na jawo shi da ƙarfin newton kusan 980. Da za a kai shi duniyar wata, ko ƙwaya ɗaya ba za ta ragu ba, kilo 100 ɗin na nan, amma nauyinsa zai koma kusan kashi ɗaya cikin shida. Wannan ne bambancin da littattafan Faransanci ke yi tsakanin masse da poids, inda ɗalibai da yawa ke tuntuɓe a jarrabawa.

Newton mutum ne mai wuyar sha'ani. Ya yi doguwar taƙaddama da Robert Hooke kan wanda ya fara gano dokar janyowa, da kuma Leibniz kan wani reshe na lissafi. A 1696 ya koma Landan aiki a ma'aikatar buga kuɗi, inda ya riƙa farautar masu jabun kuɗi. A 1705 Sarauniya Anne ta ba shi sarautar girmamawa. Bai taɓa aure ba. Ya rasu a watan Maris 1727 yana da shekara 84. Har yau da dokokinsa injiniyoyi ke lissafin gina gada da harba tauraron ɗan Adam.