John Scott Russell: Mutumin Da Ya Bi Igiyar Ruwa A Kan Doki

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin teku a Ikko ya san halin igiyar ruwa: ta taso, ta fashe, ta watse. Marigayi John Scott Russell, injiniya mutumin Sikotilan, ya ga wadda ta ƙi watsewa, amma bai ga ranar da duniya ta san darajarta ba.

An haife shi a Glasgow ran 9 ga watan Mayu 1808. Cikin watan Agusta 1834, yana nazarin tafiyar jirage a wata hanyar ruwa da aka haƙa kusa da Edinburgh, sai wani jirgi da dawaki biyu ke ja ya tsaya farat ɗaya. Ruwan da ya taru a goshinsa ya wuce shi kaɗai, tsawonsa wajen ƙafa 30, yana gudun mil 8 ko 9 a awa, siffarsa ba ta sake ba. Russell ya bi shi a kan doki har mil ɗaya ko biyu.

Ya yi ta gwaji a gida, ya buga rahotonsa a 1844. Amma Airy da Stokes, manyan malaman lissafi, ba su gamsu ba. Ya ci gaba da ƙera jirage. Shi da Brunel suka ƙera Great Eastern, wanda babu jirgi mai girmansa a zamanin, aikin kuwa ya karya masa jari. Ya rasu ran 8 ga watan Yuni 1882.

Gaskiya dai ba ta tsufa. A 1895 Korteweg da de Vries suka tabbatar da igiyarsa da lissafi, a 1965 aka raɗa mata suna soliton. A 1973 Hasegawa da Tappert suka nuna cewa ƙyiftawar haske na iya tafiya haka cikin zaren gilashi, a 1980 kuma Mollenauer da abokan aikinsa a Amurka suka gan ta zahiri. Idan irin waɗannan ƙyiftawa biyu suka kusanci juna, tashi da saukarsu suka zo daidai, sai su jawo juna; in sun saɓa, su ture juna. Wannan daidaito ne masana ke aunawa don su gane yadda biyu ke tafiya a ɗaure.

A 1995 aka sa sunan Russell ga wata gada da ke ɗauke da hanyar ruwan nan tasa.