Rudolf Duala Manga Bell: Sarkin da ya ƙi komawa New Bell

Duk Bahaushen da ya taɓa sauka a Duwala ya san New Bell, ko ya fito daga Garwa ne, ko Maraɗi, ko Kano. Can ne masaukin baƙi, can ne unguwar Hausawa take. Sai dai ba kowa ya san cewa Bell sunan wani gidan sarauta ba ne, kuma Jamusawa ne suka shata unguwar don su kwashe 'yan wannan gida daga bakin kogi su zuba su a cikinta. Wanda ya tsaya kai da fata ya ce ba za su koma ba shi ne sarkinsu, Rudolf Duala Manga Bell. A kan wannan magana aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914, yana da kimanin shekara 41.

Gidan Bell da alamominsa

'Yan ƙabilar Duwala suna danganta kansu da kaka ɗaya, Ewale a Mbedi, amma tun kafin zuwan mulkin mallaka sun kasu gida-gida a bakin kogin Wuri: Bell, Akwa, Deido, da Bonaberi a ɗaya ƙetaren. Kalmar bona da ke gaban sunayen unguwanni da yawa, irin su Bonanjo da Bonapriso, tana nufin zuriyar wane. Wato taswirar garin ita kanta salsala ce. Sodiko tana ɓangaren Bonaberi, kuma mutanen Bonaberi reshe ne da ya ɓalle daga gidan Bell.

Sunan gidan ya samo asali daga Bele ba Doo, wanda Turawa 'yan kasuwa suka kasa faɗin sunansa daidai, suka mayar da shi Bell. A al'adarsu mutum yana ɗaukar sunansa ne ya haɗa da na mahaifinsa, kamar yadda Bahaushe zai ce wane ɗan wane. Bele ya haifi Bebe, sai Lobe Bebe, sai Ndumbe Lobe, sai Manga Ndumbe, sai Duala Manga. Wanda ya iya jera waɗannan sunaye ya riga ya karanta tarihin sarautar gidan na sama da shekara ɗari.

Arzikinsu dillanci ne. Sun tare bakin kogi, Bature bai isa ya shiga cikin ƙasa ya saya da kansa ba, mutumin cikin ƙasa kuma bai isa ya kai haja jirgi ba sai ta hannunsu. Da farko bayi suka sayar, daga baya hauren giwa da manja, kuma su ma kansu suna da bayi a gonakinsu. Wannan ma yana cikin tarihin gidan, ba a ɓoye shi.

Kowace sarauta tana da abin da ake gane ta da shi daga nesa. Kano tana da tagwayen masu da tambura, dangogin Sikotilan a Birtaniya suna da bajo da zanen tufafin da ya keɓanta ga kowane gida. Mutanen ruwa kuwa a goshin kwalekwale suke ɗora nasu. Ana kiransa tange: sassaƙen itace mai launi iri-iri da ake maƙalawa a gaban dogon jirgin yaƙi ko na tsere, wanda mutum hamsin ko fiye ke tuƙawa. A jikinsa ake jera tsuntsaye, macizai, damisa da mutane, wani na kama wani, a sirka da kayan da ciniki ya kawo, kamar kwalba da fitila. Idan jirgi ya tunkaro, tun kafin a ga fuskar kowa an san na wane gida ne, an kuma san ƙarfin mai shi.

Takardar 1884

An haifi Rudolf a 1873, a zamanin sarautar kakansa Ndumbe Lobe. Yana ɗan shekara 11 kakan nasa da sarkin Akwa suka sa hannu a yarjejeniyar 12 ga Yuli, 1884 da wakilan kamfanonin Jamus biyu na Hambog, Woermann da Jantzen & Thormählen. Bayan kwana biyu Gustav Nachtigal ya kafa tutar Jamus. Jakadan Ingila, Hewett, ya iso bayan an riga an gama. Sarakunan sun miƙa ikon mulki, amma sun sa sharaɗi a rubuce: ƙasar da suke nomawa da wadda garuruwansu ke kanta za ta ci gaba da zama tasu da ta magadansu. Rayuwar Rudolf gaba ɗaya a kan wannan sharaɗi ta ƙare.

Ba kowa ya yarda da cinikin ba. Lock Priso, sarkin Bonaberi, ya ƙi sa hannu. A Disamba na shekarar magoya bayansa suka ƙona garin Bell, jiragen yaƙin Jamus kuma suka yi wa Bonaberi ruwan wuta. A cikin wannan hari ne wakilin Jamus Max Buchner ya shiga gidan Lock Priso ya ɗauke tange ɗinsa, aka kai shi gidan tarihi a Munik. Ke nan bindigar Jamus ce ta tsayar da gidan Bell a kan ƙafarsa a wancan karo, ita ce kuma ta ƙwace alamar 'yan uwansu na ƙetaren kogi.

Saboda wannan amana aka tura Rudolf karatu Jamus a 1891. Ya zauna a garin Aalen a gidan wani malamin makaranta, daga nan ya wuce Ulm. Bayan kimanin shekara biyar ya dawo gida Kirista, yana jin Jamusanci kamar ɗan ƙasa, ya san yadda majalisarsu ta Reichstag take aiki, ya san ƙarfin jarida da na lauya a ƙasarsu. A 1902 ya raka mahaifinsa Balin don kai kukan jama'a. Amma a 1905, da sarakunan Akwa suka aika wa majalisar takardar ƙorafi kan zaluncin Gwamna Jesko von Puttkamer, har aka ɗaure su, gidan Bell bai sa hannu ba. A shekarar ce ma mahaifinsa ya gina fadar nan mai rufi hawa-hawa da ake kira La Pagode, wadda har yau take tsaye a Bonanjo. Da mahaifin ya rasu a 1908, Rudolf ya gaji sarauta da gonakin koko a kwarin Mungo, yana kuma karɓar albashi daga gwamnati. Duk wanda ya dube shi a lokacin, mutumin Jamusawa zai kira shi.

Rabon gari biyu

A 1910 hukumar mulkin mallaka ta fito da wani shiri wanda hakimin Duwala na Jamus, Hermann Röhm, ya tsaya a kansa. Za a mayar da bakin kogi duka unguwar Turawa da tashar jiragen ruwa. 'Yan ƙasa za a tura su baya, cikin sababbin unguwanni uku, Neu-Bell, Neu-Akwa da Neu-Deido. Tsakaninsu da Turawa za a bar fili mai faɗin kilomita ɗaya wanda ba mai gini a cikinsa. Hujjar da aka kawo ita ce zazzaɓin cizon sauro, wai baƙar fata ne ke yaɗa shi ga Turawa. Diyyar da aka yanka ba ta kai ko kusa da kuɗin filayen ba. Ga masunci da ɗan kasuwar da duk abincinsa a ruwa yake, raba shi da bakin kogi daidai yake da karɓe masa sana'a.

A nan Rudolf ya juya. Bai ɗauki makami ba, takardar kakansa ya ɗauko. A Nuwamba 1911 ya aika wa Reichstag ƙorafi, ya sake aikawa a 1912, yana tuna musu sharaɗin 1884: idan Jamus ta karya shi, ita ce ta warware yarjejeniyar da ta ba ta ikon zama a ƙasar. Abin da ya fi ba hukuma tsoro shi ne, gidajen da suka shekara ɗari suna gaba da juna, Bell da Akwa da Deido, sun haɗa kai a bayansa. A Janairu 1913 suka buga wa majalisar waya, hukumar Duwala ta riƙe saƙon na kwanaki har sai da aka fitar da dokar ƙwace filaye kimanin hekta 900. A Agusta aka tuɓe Rudolf daga muƙaminsa, aka yanke albashinsa. Aka fara rushe gidaje.

An hana shi fita ƙasar, saboda haka ya tura magatakardansa, Adolf Ngoso Din, a ɓoye zuwa Jamus. Can ya samu lauyoyi da 'yan jarida irin su Hellmut von Gerlach, da 'yan majalisa masu ra'ayin gurguzu. Dabarar ta kusa ci. A Maris 1914 kwamitin kasafin kuɗi na majalisar ya dakatar da kuɗin aikin. Ba a saba ganin talakawan mulkin mallaka sun kayar da gwamnati a cikin majalisarta ba, kuma ma'aikatar mulkin mallaka ba ta yi niyyar bari a fara daga kanta ba.

Mafitar ta fito mata daga Fumban. Wani manzo ya isa wurin Sarkin Bamun, Ibrahim Njoya, da saƙon da aka ce daga Rudolf yake, ana neman goyon bayansa a kan Jamusawa. Njoya, mai tambarin maciji mai kai biyu, ya daɗe yana lallaɓa Jamusawa don ya tsira da sarautarsa, har gadon mulkinsa na duwatsun ado ya aika wa sarkin Jamus kyauta a 1908. Ya sanar da hukuma. Yana da sauƙi a zage shi yau, amma sarki ne da ke ganin abin da ya samu waɗanda suka ja da bindigar Bature, kuma shi ma lallaɓawar ba ta cece shi ba: Faransawa sun kore shi zuwa Yawunde, can ya rasu a 1933. Da wannan rahoto ministan mulkin mallaka Wilhelm Solf ya shaida wa majalisa cewa ana shirya cin amanar ƙasa. 'Yan majalisar suka janye, aka kama Rudolf a Duwala a watan Mayu, aka kamo Ngoso Din a Jamus aka dawo da shi.

Yana tsare Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. An yi shari'ar ranar 7 ga Agusta cikin gaggawa, ba tare da lauyoyinsa na Jamus ba. Masana tarihi da yawa, har da na Jamus, suna ganin ba a kawo ƙwaƙƙwarar shaida ba cewa ya haɗa baki da Ingila. Shugabannin mishan na Katolika da Basel da Baptis sun roƙi Gwamna Karl Ebermaier ya yi sassauci, ya ƙi. A gidan Bell ana ba da labarin cewa an bar shi ya je ya yi sallama da iyalinsa, aka ba shi shawarar ya gudu, ya ƙi don kada a huce a kan jama'arsa. Washegari aka rataye shi tare da Ngoso Din. A ranar ce kuma aka harbe Martin-Paul Samba a Ebolowa bisa irin wannan tuhuma.

Mako bakwai bayan haka, ranar 27 ga Satumba, Duwala ta faɗa hannun sojojin Ingila da Faransa.

Yadda unguwar ta zama ta baƙi

Wanda ya zaci Faransawa za su mayar wa masu ƙasa ƙasarsu ya yi kuskure. Sun ga Bonanjo ta yi musu daidai, suka riƙe ta a matsayin unguwar gwamnati. Mutanen Bell kuma suka ƙi zama a New Bell, a ƙarshe mafi yawansu suka tare a Bali, cikin filin nan da Jamusawa suka so a bari babu kowa. Unguwar da aka shata musu sai ta zama ta waɗanda tashar jirgin ruwa da layin dogo da kasuwa suka jawo: Bamileke, Basa, Ewondo, mutanen Najeriya da Dahome da Senegal, da Hausawa fatake da mahauta da malamai. Hukuma ta naɗa wa kowace al'umma shugabanta, har da sarkin Hausawa.

A nan akwai wani ƙulli da ya kamata Bahaushen Duwala ya sani. Rudolf ba don baƙi ya yi faɗa ba, don haƙƙin gidansa a kan ƙasar kakanninsa ya yi. Filin New Bell ɗin ma gidan Bell na kallonsa a matsayin nasu, baƙi kuwa sun gina gidaje a kansa shekara da shekaru ba tare da takardar mallaka ba. Yawancin rigingimun fili tsakanin 'yan ƙasa da baƙi a wannan yanki daga nan suka samo tushe. Wanda ya gaji gida a unguwar ya kamata ya binciki irin takardar da ke hannunsa.

Ɗan Rudolf, Alexandre Douala Manga Bell, wanda ya tashi a Jamus, ya dawo gida bayan yaƙi, aka zaɓe shi ɗan majalisa a Faris a 1945, ya rasu a 1966. A 1936 aka kafa wa mahaifin nasa hasumiyar tunawa a Bonanjo. Mutanensa suna kiransa Tet'Ekombo, wato uban ƙasa, kuma duk 8 ga Agusta ana taruwa a kabarinsa. A Jamus ma an fara waiwaye. A 2022 garin Ulm ya raɗa wa wani dandali sunansa, a Balin kuma aka cire sunan Nachtigal daga wani dandali aka sa na Manga Bell.

Duk shekara a farkon Disamba, lokacin bikin Ngondo wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2024, jiragen gidajen Duwala suna tsere a kan Wuri, kowanne da tange a goshinsa. Na Lock Priso yana Munik tun 1885. Jikansa ya shafe sama da shekara 20 yana neman a dawo da shi Bonaberi.