Nana Asma'u 'Yar Shehu: Uwar Garin Da Ta Tara Matan Da Yaƙi Ya Tarwatsa

Yau ina son mu waiwayi rayuwar Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansu da rahama. Da yawanmu sunanta kawai muka sani a jikin allon makarantu, aikinta kuwa ba mu bibiya ba.

An haife ta a Degel a 1793. Tana 'yar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, daga nan kuma sai yaƙi: Tabkin Kwatto, Tsuntsuwa, Alwasa, har Alƙalawa ta faɗi a 1808. To kun ga, ƙuruciyarta duk a hanya ta yi ta, cikin yunwa da tsoro da jana'iza. Amma karatu bai tsaya ba, domin a gidan Shehu ba a raba mace da allo. Shi kansa Shehu, a cikin Nurul Albab, ya soki malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. Ta haddace Alƙur'ani, ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin ɗan uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Da daula ta kafu, sai wata matsala ta fito fili. Yaƙi ya bar zawarawa da marayu, ga matan da aka kamo daga ƙasashen da aka ci, ga matan ƙauye da ba su san tsarki da salla yadda ya kamata ba. In cuta ko baƙin ciki ya same su, wurin 'yan bori suke nufa. Wa zai kai musu ilimi, alhali matan aure ba sa fita nesa?

Nan basirar Nana ta bayyana. Ta kafa abin da ake kira 'Yan Taru. A kowane yanki ta zaɓi dattijuwa mai amana, ta naɗa ta Jaji, ta sa mata malfa da jan rawani. Wannan malfa fa a da alamar Innar Gobir ce, shugabar bori. Sai Nana ta ɗauki alamar da mata suka saba girmamawa ta mayar da ita ta malanta. Jaji kan jagoranci tsofaffi da 'yan matan da ba su yi aure ba, su taka har wurinta, su koya, su koma su koyar da na cikin gida. Kyautar da suke kawowa, irin su hatsi da zuma, ana raba ta ga mabuƙata.

Tunda yawancinsu ba sa karatu, sai ta zuba darasin cikin waƙa, wadda mace za ta riƙa rerawa tana daka ko kaɗi. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani, akwai ta salihan mata tun daga matan Annabi (SAW), akwai Waƙar Gewaye da ta ba da tarihin jihadi. Rubuce-rubucenta da suka iso gare mu sun haura 60. Kuma yadda ta yi wa Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, haka ta yi wa maƙwabciyarta da ɗaya daga cikin Jajinta. Wannan ni yana taɓa min zuciya ƙwarai.

Ta rasu a 1864, aka rufe ta a Hubbare a Sakkwato kusa da mahaifinta, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da 'Yan Taru.

Abin da nake son mu lura da shi, 'yan uwa: Nana ba ta jira ƙura ta lafa ba kafin ta koyar. Mazan gidanta kuma, uba da ɗan uwa da miji, mara mata baya suka yi. Yau a Borno da Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, ga zawarawa ga 'yan mata a sansanonin gudun hijira, karatunsu ya yanke. Wallahi in muka bar su haka, jahilci da masu ci da gumin marasa gata ne za su rene su, su kuma su reni 'ya'yanmu na gobe.

Don haka kai malam, wace rana ka ware wa mata a majalisinka? Kai mai gida, yaushe rabon da ka tambayi iyalinka inda karatunta ya tsaya? Ke malama, mata nawa kika horar da za su iya koyarwa in ba kya nan? Kowa ya duba unguwarsu, ya nemo bazawara ɗaya ko marainiya ɗaya ya tsaya mata har ta yi ilimi.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, Ya sa 'ya'yanmu mata su gaje ta. Amin.