Christiaan Huygens, Mutumin da Ya Sa wa Agogo Lilo

Jama'a, da yawanmu mun taso mun tarar da tsohon agogon bango a zauren wani dattijo ko a masallacin unguwa, lilonsa na kai da kawowa a bayan gilashi. To, yau ga tarihin wanda ya ƙirƙiro shi.

An haifi Christiaan Huygens a birnin Hague na ƙasar Holan a shekarar 1629. Mahaifinsa babban ma'aikacin fada ne, ya tura shi Jami'ar Leiden karatun shari'a da lissafi, amma lissafin ne ya ja hankalinsa.

A wancan zamani agogo ba abin dogaro ba ne, don yakan yi gaba ko baya da kamar minti 15 a rana. Galileo na Italiya ya riga ya lura cewa in ka rataye nauyi a igiya ka kaɗa shi, tsawon igiyar ne ke yanke lokacin zuwansa da dawowarsa, ba nauyin ba. Sai dai ya mutu a 1642 bai ƙera agogon ba.

A 1656 Huygens ya haɗa lilon da haƙoran agogo, ta yadda kowace kaɗawa za ta saki haƙori ɗaya tak. A 1657 maƙeri Salomon Coster ya fara ƙera shi, kuskuren ya sauko zuwa kamar daƙiƙa 15 a rana. Shi ya sa har yau in agogon yana latti, mai gyara kan ɗan matsar da nauyin lilon sama.

Amma fa babban burinsa agogon jirgin ruwa ne, domin matuƙa na halaka a teku saboda rashin sanin inda suke, kuma sahihin lokaci ne zai nuna musu. An gwada agogonsa sau da dama, tangaɗin jirgi yana rikita lilon. A 1675, yana zaune a Paris, ya fito da siririyar waya mai naɗi wadda ta gyara agogon aljihu, duk da haka tekun ta gagare shi. Ya koma gida a 1681 saboda rashin lafiya, ya mutu a 1695, bai taɓa aure ba. Sai a ƙarni na 18 John Harrison na Ingila ya warware matsalar.

Don haka wanda ya gaji irin wannan agogo, kada ya miƙa wa 'yan gwangwan. A kai shi wajen mai gyara.